Ta'aziyyar dattijonmu Likita

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayarwa, Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, Allah ya karɓi ran dattijon nan na sahun farko, wanda yara da manya ke kira Likita. Ba babban likita ba ne, ma'aikacin jinya ne, amma babu wanda ya taɓa yi masa jayayya a kan sunan. Ya fara aiki yana saurayi, zamanin da ake bin ƙauyukan Damagaram ana lambar agana, cutar da aka shelanta ƙarewarta a duniya a 1980. Da sanƙarau ya ɓarke a 1995, iyalinsa sun shaida cewa sai a kwana biyu ba su sa shi a ido ba.

Abin da ya fi son ba mu labari shi ne yaƙi da kurkunu a ƙasar Mirya. Babu allura, babu ƙwaya. Ƙyallen tace ruwa kawai ake rabawa, ana roƙon mai kurkunu kada ya tsoma ƙafarsa a tabki, domin a nan tsutsar ke zuba ƴaƴanta, wani ya sha. Wasu sun yi masa dariya, wai ƙyalle ba ya tare ƙaddara. Yakan amsa cewa tacewar ma ƙaddara ce. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu, ya kuwa ga ranar da idonsa.

Da ya yi ritaya sai ya koma ga lambunsa na zogale da yakuwa, da tantabarun da yake kiwo a bayan gida. Jikoki ke watsa musu gero, shi yana zaune da rediyo a kunne. Amma ƙofarsa ba ta huta ba. Mai zazzaɓi ya zo da dare, zai duba shi, sa'an nan ya tura shi asibiti, ko da kuɗin aljihunsa ne.

A nan ne kunya ta kama mu. Ya yi watanni a kwance, mu nawa ne muka je gaishe shi? Mun ga gurbinsa a sahu, muka ce gobe, har goben ta zama ranar jana'iza. Gaida maras lafiya haƙƙi ne na Musulmi a kan ɗan'uwansa, mun karanta, mun karantar, ba mu sauke ba.

Mai ɗakinsa tana takaba, wata huɗu da kwana goma. Akwai jikoki marayu da yake riƙo. Bayan sallar Juma'a za a zagaya da taimako dominsu, kuma muna neman matasa biyu da za su riƙa ba lambun ruwa kafin damina.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mana sakacinmu. Amin.