Ɗana, kada ka sakar wa mota ragamar fitila

Ɗana, Allah ya sa wa motar nan albarka, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe. Amma akwai abin da ba zan gani in yi shiru ba. Ka murɗa makunnin fitila ka bar shi kan AUTO, kana cewa mota ta san aikinta. Rabinsa ta sani.

Duba gindin gilashin gaba, za ka ga wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gurjiya. Shi ne idon da ke auna hasken gari: duhu ya yi ya kunna fitila, gari ya waye ya kashe. Haske kaɗai yake aunawa, bai san hazo ba. Ranar da hunturu ya sauko, ka taso daga Anka za ka Gummi, ƙura ta tsaya har ba ka hango mai amalanken shanu sai ka zo dab da shi, wannan ido gani yake rana ce tsaka, ba zai kunna komai ba. Haka ma in ruwan Agusta ya tsuge da hantsi. Hannunka ne zai murɗa.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan fitilun nan na rana. Tun 2011 Tarayyar Turai ta wajabta su ga sababbin samfuran motoci, shi ya sa motoci 'yan Beljiyam da yawa ke zuwa da su. Gaba suke haskawa, a motoci da dama baya na nan duhu. Kai kana ganin haske a gabanka, allon mita ma a kunne, hankalinka kwance, alhali mai babbar motar da ya biyo ka daga Ɗaki Takwas bai ga jar wuta ko ɗaya ba. Kanada ma sai da ta gyara dokarta saboda wannan, gyaran ya fara aiki a 2021.

Sai doguwar wuta. Ko da motarka na sauke ta in ta hango fitilar wata, ba lallai ta ga mai keke ko mai jakin da ke komawa ƙauyukan Bukkuyum bayan magariba ba. Sauke masa da kanka. Dalle idon bawan Allah har ya faɗa rami haƙƙi ne a wuyanka.

Fitilar ciki kuwa, bar ta inda take kamawa in an buɗe ƙofa, amma ka waiwaya ka ga ta mutu kafin ka shiga gida; ba kowace mota ke kashe ta don ceton batir ba. Yau da almuru ka tayar da motar, ka sa ƙanenka ya tsaya a baya ya faɗa maka abin da ya kama.