Tsoro A Lokacin Annoba: Mu Riƙe Juna



Azumin shekarar 1441 ya same mu cikin wani hali. A watan Afrilu na 2020 aka kulle Kano saboda korona, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, mu kuma muna Lafiya, iyayenmu na can gida. Waya ta yi ƙara da dare, gaban mutum ya faɗi. Wasunmu an yi musu rasuwa, ba su samu jana'iza ba, balle zaman makoki.

Jin tsoro ba raunin imani ba ne. A shekara ta 18 bayan Hijira annobar Amwas ta ɓarke a Sham. Sayyidina Umar (RA) yana kan hanyar zuwa can ya samu labari a Sarg. Ya tsaya, ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru da dattawan Ƙuraishawa, sannan ya juya Madina. Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal (RA) sun zauna da jama'arsu har suka rasu a cikinta. Da Amru ɗan As (RA) ya karɓi ragama, ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, Allah Ya ɗauke ta. Babu wanda ya ruɗe a cikinsu, babu kuma wanda ya yar da sababi.

Abin da muka lura a nan shi ne, wanda tsoro ya fi ci shi ne mai kwana shi kaɗai a shago, yana bin saƙonnin WhatsApp har asuba. Ƙaunar iyaye ce ke tayar masa da hankali, zumunci ne kuma maganinsa. Zuciya ba ta natsuwa a kaɗaici.

Don haka, Alhaji, Hajiya: kowa ya ɗauki gida biyu yana kiransu kullum. Maigida ya tambayi yaran shagonsa me suka samu na buɗa-baki. Mai zazzaɓi da tari kada ya ɓoye, ba abin kunya ba ne. A sanar da ma'aikatan lafiya. Kada a bi ɓarauniyar hanya zuwa gida, a kai wa tsoho abin da ake guje masa. Labarin da ba mu tabbatar ba, ya mutu a wayarmu.

Allah Ya yaye mana, Ya jiƙan mamatanmu, Ya sada mu da danginmu lafiya. Amin.

Sakataren Masallaci