Ina Gidan Baƙo Yake?

Mu da aka haifa a Zongon Kumasi mun saba da wata tambaya tun muna yara: "Kai mutumin ina ne?" In ka ce Kumasi, sai a yi murmushi a ce, "To, amma ina ne garinku?" Sunan unguwarmu ma shaida yake bayarwa a kanmu, gama zango wuri ne da ayari ke sauke kaya ya kwana, da asuba ya tashi. Kakanninmu fataken goro sun sauke kaya a nan, ga shi yau fiye da shekara 100 ba mu tashi ba. Saboda haka tambayar ina ne gidan mutum ba wasa ba ce a wurinmu. Abin mamaki, labarin wata Ba'amurkiya ne ya taimake ni a kanta.

Sunanta Maya Angelou, baƙar fata, jikar bayi, an haife ta a 1928. Ta iso Akra daga Alƙahira a 1962 tare da ɗanta, da niyyar ta sa shi a jami'a ta wuce Laberiya wurin aiki. Kwana kaɗan da isowarsu yaron ya yi hatsarin mota, wuyansa ya karye, sai ta zauna jinya. Zaman da ya kai ta har 1965 ke nan. Ta sami aiki a Jami'ar Ghana da ke Legon, ta koyi Fanti, ta shiga cikin baƙaƙen Amurka da suka taho a zamanin Kwame Nkrumah suna cewa sun komo gida. Ta ba da labarin waɗannan shekaru a wani littafi da ya fito a 1986.

Ta zo tana tsammani Afirka za ta rungume ta kamar uwar da ɗanta ya ɓace ya dawo. Mutanen Ghana kuwa sun karɓe ta da ladabi, suka ci gaba da harkokinsu. Ba ƙiyayya ba ce. Ba su san sun yi ɓatan kowa ba. Wata rana ta yi tafiya ita kaɗai har Dunkwa, mutanen garin suka dube ta suka yanke cewa Babambariya ce daga Laberiya. (Ko yaron Zongo ya san Bambara mutanen Mali ne, amma a bar wannan.) Ba ta gyara musu ba. Ta ci abincinsu, ta kwana, zuciyarta fari fat don an ɗauke ta 'yar ƙasa. Ba na ganin laifinta. Wanene a cikinmu bai taɓa yin shiru a mota ba don kada harshensa ya tona asirinsa?

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru a Agusta 1963. A ranar 28 ga watan Martin Luther King zai jagoranci babban jerin gwano a Washinton, sai baƙaƙen Amurka na Akra suka shirya nasu zuwa ofishin jakadancin ƙasarsu. Suna cikin tafiya da dare labari ya iso cewa tsohon malamin nan W. E. B. Du Bois ya rasu a nan Akra, yana da shekara 95. Da gari ya waye sojoji suka fito ɗaga tutar Amurka, ɗaya daga cikinsu baƙi ne. Jama'a suka yi ta yi musu ba'a. Ita kuwa ta faɗi gaskiya daga baya, cewa ƙarƙashin ba'ar akwai kwaɗayi: tutar nan suke so ta zama tasu, gama gumin iyayensu da jininsu yana cikinta.

Ya ɗan'uwa mai karatu, ka lura da wannan. Mukan ce gida shi ne inda zuciya ke hutawa. Ni dai ban ƙara yarda da haka ba. Baƙo ba ya fushi irin wannan fushi. In na ga an yi rashin gaskiya a ƙasar da ba tawa ba, nakan girgiza kai in wuce. In a gidanmu ne, kunya takan kama ni ko da ba ni na yi ba, barci kuma ya ƙi zuwa. A ganina gida shi ne wurin da laifinsa ke ba ka kunya, bashinsa kuma ke bin ka.

Bashin nan ne ya mai da ita. Malcolm X ya ziyarci Ghana a Mayu 1964, ya roƙe ta ta komo ta taimaka masa da sabuwar ƙungiyar da yake kafawa. Ta bar ɗanta yana karatu, ta koma a Fabrairu 1965. Kwana kaɗan da saukarta, ran 21 ga watan, aka harbe shi a Niyok. A Agustan shekarar tana Los Anjelis lokacin da unguwar Watts ta kama da wuta, mutum 34 suka mutu. A 1968 ta amince za ta yi aiki da King, aka kashe shi ran 4 ga Afrilu, ranar da ta cika shekara 40. Marabar da gida ya yi mata ke nan. Duk da haka a can ta zauna har rasuwarta a 2014.

Wani zai ce, ashe ba butulci ba ne? Ghana ta ba ta inuwa da aiki, ta warkar mata da ɗa, sa'an nan ta juya baya. Tambayar tana da nauyi, gama mu ma ana yi mana ita. Ana cewa ɗan Zongo a nan yake ci, amma zuciyarsa tana arewa. Da wannan zargi gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi ran 18 ga Nuwamba 1969, ta ba marasa takarda mako biyu su fita. Dattawanmu har yanzu suna ba da labarin waɗanda suka sayar da gida a kuɗin akuya, aka loda su a manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. A 1983 Nijeriya ta yi wa mutanen Ghana irin wannan. Kowace gwamnati ta ɗauka mutum gida ɗaya yake da shi, takarda kuma ita ce ke nuna shi.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauka haka ba. A sura 29 ta littafinsa, annabi Irmiya ya rubuta wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila cewa su gina gidaje, su shuka gonaki, su aurar da 'ya'yansu, su yi wa birnin addu'a su nemi lafiyarsa, alhali kuwa alkawarin komawa Urushalima yana nan. Wato bashi biyu ne a kansu a lokaci ɗaya. Butulci shi ne mutum ya ci a wuri bai ɗauki nauyin komai a cikinsa ba, ba tafiyar ba ce butulcin. Nan kuma nake da ƙorafi a kan mu masu bi. Mukan yi saurin cewa gidanmu yana sama. Gaskiya ne, wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta koya mana haka. Amma na sha jin wannan magana a bakin wanda ya ƙi fitowa yashe kwata a unguwa, ya kuma shekara goma bai aika wa tsohuwarsa ko sabulu ba.

Sauran abu guda, shi ne mafi zafi ga mai komawa: yana so ya tarar da gida yadda ya bar shi. Na'omi ta yi kamar shekara 10 a Mowab, da ta shiga Baitalami matan garin sai da suka yi shakkar ko ita ce, ita ma ta ƙi tsohon sunanta. Tsofaffin da suka komo daga Babila sun fashe da kuka da suka ga harsashin sabon Haikali, matasa kuwa suna sowa, kamar yadda Ezra ya faɗa a sura 3. Duk ɗan goro ya san huhu ba a ɗaure shi a manta. Sai an riƙa kwancewa, a tsince ruɓaɓɓe, a sake ganye, a yayyafa ruwa. Wanda ya ɗaure ya tafi shekara ashirin, in ya kwance kada ya zargi goro.

Ni ma na ɗanɗana. Na kai shekara 30 kafin in taka ƙauyen kakana, can ƙasar Zariya. Kwana uku ana yanka mini kaza, ana shimfiɗa mini sabuwar tabarma, yara suna leƙe suna dariyar Hausata, don mu a Zongo mukan ce "ya zo" ko mace ce ta zo. Kowa yana kirana Malam. Ban taɓa jin baƙunci irin na kwanakin nan ba. Rana ta huɗu gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta kira ni ɗakinta. Ba ta ba ni tabarma ba.

"Kai ɗan nan," ta ce, "da baffanka ya rasu, ƙafa ce ba ka da ita ko takarda?"

Na ce, "Gwaggo, hanya ce da nisa."

Ta ce, "Ubanka da ƙafa ya bi ta. Ɗakin kakanka yana yoyo, damina ta kusa. Bandir biyu na kwano ake nema, ɗaya naka ne."

Na fita kunya ta rufe ni, amma a daren nan na yi barci kamar jariri. Na biya kuɗin kwanon da guzurin komawata, sai da na ci bashi a hanya. Da na sauka a Kumasi ban ko ajiye jaka ba, maƙwabcinmu Ba'asante ya tare ni a bakin ƙofa da faɗa, wai an yi jana'izar surukarsa ba a ga fuskata ba, sunana kuma yana nan a littafin gudummawa ba a rubuta komai a gabansa ba.