Takardar Jandarma da Shaidar Zuciya: Wa ke da Laifi Bayan Haɗarin Mota?

  

Duk wanda ya san ƙaramar hukumar Rumbu da ke gundumar Dakoro, a jihar Maraɗi, ya san yadda motar kasuwa ke tashi daga Sakabal da yamma: buhuna a ƙasa, awaki a tsakiya, mutane a bisa kaya, karen mota na reto a baya. Yawancin hanyoyin ƙauyuka ba kwalta, babura na kutsawa ta ko'ina, amalanken jaki ba shi da fitila, garken shanu kuma ba ya neman izini kafin ya tsallaka. Ranar da tsautsayi ya faɗa, maganganu biyu ne ke riga kowace fita daga bakin jama'a. Ta farko, "ƙaddara ce." Ta biyu, "ai asurans za ta biya." Dukkansu gaskiya ne, kuma kowace a cikinsu tana iya zama mayafin da mutum zai lulluɓe haƙƙin wani da shi.

Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar CIMA a birnin Yawunde a 1992, kuma kundin dokokin inshora na wannan yarjejeniya ya fara aiki a 1995. Kundin ya wajabta wa duk mai abin hawa mai inji ya yi inshorar ɓarnar da zai iya yi wa wasu. Idan haɗari ya faru, jandarma kan zo su duba wuri, su auna, su ji bakin shaidu, su rubuta rahoto, kuma a kan wannan takarda kamfani ke dogara. Mai tafiya a ƙasa da fasinja, doka ta ce a biya su raunin jikinsu ko da sun yi sakaci, sai fa wanda ya nemi cutar da kansa da gangan. Direba kuwa, har da mai tuƙa babur, laifinsa na rage abin da za a ba shi ko ya hana shi gaba ɗaya. Shi ya sa layi ɗaya a rahoton jandarma ke iya zama bambanci tsakanin magani da bara.

Tambayar wa ke da laifi ba baƙuwa ba ce a fiƙihun Malikiyya. Risalar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda almajirai ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan wanda ke hawanta, ko yake janta, ko yake kora ta. Malaman mazhaba sun kuma bambanta karon mahaya doki biyu da karon jiragen ruwa biyu. Mahaya suna lamuni, domin linzami na hannunsu. Matuƙan jirgi kuwa, idan iska ta fi ƙarfinsu har ba su da ikon kauce wa juna, ba a bin su komai. Wannan bambanci na linzami da iska shi ne ma'aunin da direba zai ɗora kansa a kai. Taya ta fashe, mota ta ƙwace: iska ce ko linzami? Idan tayar lafiyayya ce, ƙusa ta huda ta, wannan iska ce. Idan kuwa direba ya kwana uku yana ganin zarenta a waje, yana cewa sai bayan kasuwa zai sake ta, to linzami ne, tun a tasha ya sake shi. Haka birkin da aka san yana sanyi, haka lodin da ya wuce kima, haka barcin da aka yi wa gardama da shayi.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙasa da ƙasa ta bi wannan sawu a zamanta na Burunai a 1993. Ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba na lamunin abin da ya ɓata, sai idan abin ya fi ƙarfinsa, ko aikin wanda aka buge ne ya jawo, ko laifin wani ne daban. Saboda haka kalmar ƙaddara ba ta share tambaya. Wanda ya mutu ajalinsa ne ya zo, babu mai ja. Amma Wanda ya rubuta ajalin shi ne kuma ya saukar da hukuncin kisan kuskure a Suratun Nisa'i, aya ta 92, ya sanya diyya da kaffara. Da ƙaddara na ɗauke lamuni, da ba a saukar da ayar ba.

Diyyar kisan kuskure a shari'a ba a kan mai laifin kaɗai take ba. Dangin ubansa, waɗanda ake kira aƙila, su ke haɗa ta cikin shekara uku, kuma Sayyadina Umar ya ɗora ta a kan waɗanda ke rajista ɗaya a diwani. Wasu malaman zamani na ganin inshora ta ɗauki wani ɓangare na wannan aiki. An yi saɓani a kanta: Majalisar Fiƙihu ta ƙi inshorar kasuwanci a 1985 ta yarda da ta taimakon juna, Shaihu Mustafa Zarƙa na Siriya kuwa ya halatta ta. Inda hukuma ta tilasta, malamai da yawa sun yi rangwame saboda larura. Wannan muhawara ta malamai ce. Abin da ke gaban direban Rumbu shi ne me zai faɗa idan jandarma ya buɗe littafi.

A ƙaddara motar kasuwa mai inshora ta yi karo da babur bayan magariba. Mai babur ba fitila, shi ya faɗo hanya, ƙafarsa ta karye, ga iyali, ga damina ta ƙarato. Sai dattawa su ja direba gefe: "Malam, ka karɓi laifin mana. Kai ba abin da za ka rasa, kamfani ne zai biya." Wannan ita ce jarrabawar da ta fi kama mutanen kirki, domin ta shigo da rigar tausayi. Sai dai shaidar zur ce, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa ta cikin mafi girman zunubai, tare da shirka da saɓa wa iyaye. Kuɗin kamfani kuma ba daga sama suke zubowa ba, daga aljihun sauran direbobi aka tara su. Wanda ya yi kyauta da su ta hanyar ƙarya ya yi sadaka da tumakin maƙwabci. Ƙafar mai babur dai tana nan a karye, ba a musun wannan. Maganinta na wajen direban idan yana da hali, da 'yan'uwan zawiya, da asusun da ake tarawa bayan zikirin Juma'a. Jama'ar da ke iya haɗa kuɗin mota zuwa Maulidin Kiyota ba za ta gaza haɗa kuɗin ɗori ba.

Ɗaya ƙaryar ta fi wannan muni. Direba ne da laifi, amma ya iya Faransanci, ko ya matsar da mota kafin a zo aunawa, wanda aka buge kuwa makiyayi ne da bai san ana bin haƙƙi da takarda ba. Rahoto ya fito fes. Hadisin Ummu Salama da Buhari da Muslim suka ruwaito ya yi magana a kan wannan: Annabi ya gargaɗi masu husuma cewa wani na iya fin wani iya kafa hujja, kuma duk wanda aka yanke wa haƙƙin ɗan'uwansa ta haka, yankin wuta aka yanka masa. Idan hukuncin da Fiyayyen halitta ya yanke bisa zahiri bai halatta haram ba, ina ga tambarin ofis?

Akwai kuma yafiya, wadda mutanen karkara suka yi fice da ita. A zaman makoki babban gida kan ce, "Mun yafe, Allah ya bayar, Allah ya karɓa." Hali ne mai kyau, kuma baligi na da ikon yafe rabonsa. Amma diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci. Baffa ba shi da ikon yafe rabon marayu don a yaba masa a gaban jama'a, haka nan matar mamacin da ke cikin takaba, wadda ba wanda ya tambaya. Direban da ya san akwai ƙananan yara a gidan bai kamata ya karɓi wannan yafiya ya juya ba. Shi ya dace ya kai takardun inshorarsa, ya tsaya har haƙƙin ya isa hannun masu shi, ko da dangin na jin kunyar nema.

Mutanen ɗariƙa suna da wani aiki da babu shi a kundin CIMA, wato muhasaba, hisabin da bawa ke yi wa kansa, wanda Harisu Almuhasibi, da ya rasu a shekara ta 243 bayan hijira, ya samo laƙabinsa daga gare shi. Jandarma na auna tsawon sawun taya. Ba ya ganin wayar da aka ɗauka a kan kwana, ko fushin da ya sa aka ƙara wuta don a wuce abokin hamayya. Direba kaɗai ya sani, sai Ubangijinsa. Istigfari ɗari na lazimi safe da yamma alheri ne babba, amma malamai sun haɗu a kan cewa tuba daga haƙƙin bayi ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ko mai shi ya yafe. Cikin sharuɗɗan ɗariƙa kuma akwai cewa muridi kada ya amince wa makircin Allah. Wanda ya ce Shehu ya tsaya masa, alhali marayu na kwana da yunwa saboda sakacinsa, ya taka wannan sharaɗi.

Sai kaffara. Ita ba ta hawa kan dangi, ba ta hawa kan kamfani. Tunda babu bawan da za a 'yanta a yau, abin da ya rage shi ne azumin wata biyu a jere, kuma kowane rai da nasa. Direban da ya duba zuciyarsa ya ga linzami na hannunsa a ranar, sai ya je wurin malamin da ya san fiƙihu, ya faɗa masa abin da ya faru yadda ya faru, har da abin da bai shiga rahoto ba, malamin ya gaya masa ko azumin ya hau kansa, da ranar da ya fi dacewa ya fara.