Inuwar da ba ta sanyaya jiki

Masu binciken tsarin birane a Turai da Amurka sun samu sabuwar dabara. Sukan sanya wa mutum tabarau na kwamfuta da ke rufe idanu ruf, sai ya tsinci kansa a kan titin da ba a gina ba tukuna. A nuna masa titin da itatuwa, a sake nuna shi ƙwal babu ko ɗaya, na'urori kuma suna auna bugun zuciyarsa da gumin fatarsa. Manufar ita ce a gano irin garin da ke kwantar da hankali tun kafin a zuba siminti.

Tunanin yana da tushe. A 1984 Roger Ulrich ya wallafa bincike kan majinyata 46 da aka yi wa tiyata a wani asibiti na jihar Pensilbaniya. Waɗanda tagarsu ke kallon itatuwa sun riga masu kallon bangon bulo komawa gida, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi kamar su ba.

Na yarda dabarar tana da amfani, domin gyara zane ya fi rushe unguwa sauƙi. Inda nake da ja shi ne abin da ake kira jin daɗi. Tabarau ido da kunne yake ciyarwa. Ba ya ɗauke da zafin watan Afrilu, ko warin kwata, ko kuɗin haya, ko maƙwabcin da zai leƙo idan an kwana biyu bai gan ka ba. A aikin rediyo na lura cewa masu kira da kukan unguwarsu sun fi ambaton ruwa, shara da ambaliya, ba kyan gani ba.

Damuwata ta biyu ta fi nauyi. Idan hoton itace na rage bugun zuciya, me zai hana wata rana a ce hoton ya ishi talaka? A Yamai an fara shuka dogon yaro kewaye da birni tun shekarun 1960, yau kuma rabon filaye ya cinye babban ɓangarensa. Ba rashin bincike ya jawo haka ba. Kowa ya san daɗin inuwa, fili ne ya fi ta tsada.

Saboda haka a ganina ma'aunin wannan bincike ɗaya ne: wa aka sanya wa tabarau, kuma bayan ya cire, an shuka masa itacen a ƙofar gidansa?