Ruwan Alwala Daban, Ruwan Sha Daban

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW).

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana mata, nasiharmu ta yau a kan wata 'yar halitta ce da ake kira amiba. Jikinta gaba ɗaya ƙwayar halitta ɗaya ce tak, ba a ganinta sai da madubin likita. Ba ta da baki, ba ta da ƙafa. In za ta yi tafiya sai ta miƙa wani sashe na jikinta, sauran ya kwararo ya bi shi. In ta samu abinci sai ta kewaye shi ta haɗiye. In za ta hayayyafa sai ta rabu gida biyu. Subhanallahi! Wane ne ke ciyar da wannan in ba Allah ba?

To amma akwai nau'in da ke zama a hanjin ɗan Adam, yana haddasa atini, wato zawo mai jini da majina. Wani likita mai suna Fedor Losch ne ya bayyana shi a Rasha a 1875. Tana fita cikin bayan gida a lulluɓe da ɓawo mai tauri, ta yi kwanaki ko makonni a ruwa ba ta mutu ba. Mutane da yawa na ɗauke da ita ba tare da wani ciwo ba, suna yaɗa ta. Wani kuwa har hantarsa take kaiwa ta tara mugunya.

Mu a nan Kwanyawa da ƙauyukan Ƙaraye da Rogo, Allah Ya hore mana rijiyoyi da rafuka, ga madatsar ruwa ta Chalawa da aka kammala a 1992. Sai dai mu lura. Malamai sun karantar da mu cewa ruwan da launinsa, ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sauya ba, ya halatta a yi alwala da shi. Wannan hukuncin ibada ne, ba shaidar lafiyar ruwan sha ba ce. Ruwa yana iya zama garau, amma amiba na ciki.

Manzon Allah (SAW) ya hana yin bayan gida a mashaya, ya kuma yi umarni da rufe ƙorai. Don haka mu tafasa ruwan sha sosai, mu rufe randa, mu keɓe moɗa. Mu wanke hannu da sabulu bayan kewayawa da bayan yi wa yaro tsarki, da kuma kafin dama fura. A zuba kashin yara a masai, kada a watsa a bola. Da zarar kin ga jini a kashin yaro, ki ba shi ruwan gishiri da sukari, ki sanar da maigida ku garzaya asibiti, akwai magani. Kada a ce haƙori ne.

'Ya'yan nan amana ce, za a tambaye mu. Allah Ya ba mu ikon kiyayewa, amin.