TAMBAYAR MAI FENTI: ME ZAN ZANA A BANGO?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.



Ranar Talatar da ta wuce, bayan mun sallame La'asar a masallacinmu na nan Gidan Dare, wani matashi ya tsaya har jama'a suka watse. Na san fuskarsa, ɗan sahun farko ne in dai yana gari, kuma ko ba a gaya maka sana'arsa ba, faratansa za su gaya maka. Ya durƙusa ya ce:

"Allah shi gafarta Malam, wani aiki anka ba ni ga wata sabuwar makarantar yara. Sunka ce in zane musu bangon duka, da zaki da giwa da ɗiyan makaranta riƙe da littahi. Kuɗɗin aikin ga su za su biya min hayar shekara, ga iyalina ta kusa sauka. To wani abokina ya ce min duk mai zane ɗan wuta na. Malam, mi za ni yi?"

Ban ba shi amsa nan take ba, kuma akwai dalili. Shekarun baya, sa'ad da na dawo daga karatu jinina na tafasa, wani mai zanen shaguna ya taɓa yi min kusan irin wannan tambaya. Na ce masa haramun ne, na ɗauki takalmina na wuce. Bai bar zanen ba. Abin da ya bari shi ne tambaya, har yau bai sake tsayar da ni a kan wata mas'ala ba. Ina neman gafarar Allah a kan wannan gaggawar.

Domin ba haka Abdullahi ɗan Abbas (RA) ya yi ba. Bukhari ya kawo ƙissar a Kitabul Buyu'i, Muslim ma ya kawo ta. Wani mutum ya zo ya gaya masa cewa da hannunsa yake cin abinci, kuma surori yake yi. Ibn Abbas ya faɗa masa abin da ya ji daga Manzon Allah (SAW), cewa wanda ya suranta mai rai za a ɗora masa ya busa masa rai ranar Alƙiyama, alhali ba zai iya ba. Mutumin ya firgita, launin fuskarsa ya sauya. Ibn Abbas bai bar shi a nan ba, sai ya nuna masa itatuwa da duk abin da ba shi da rai, ya ce in dole sai ya yi zane, to ga su nan. Bai rage wa hadisin nauyi ba, bai kuma sallami mutumin hannu wofi ba.

To mu fara daga tushe. Ƙawata gida halal ne. A Suratul A'araf aya ta 32 Allah ya yi inkari ga wanda ya haramta adon da ya fitar wa bayinsa, kuma a hadisin Ibn Mas'ud da ke cikin Muslim an tabbatar mana Allah yana son kyau. Don haka mai fenti, da mai sikiridin, da mai POP, da mai manna takardar bango, duk sana'arsu tsarkakakkiya ce a asalinta kamar ta magini da kafinta. Wanda ya ce duk mai zane ɗan wuta ne ya faɗi abin da ba shi da ilminsa.

Matsalar tana ga surar mai rai, mutum ko dabba ko tsuntsu. Nana A'isha (RA) ta rataya labule mai surori a ɗakinta, Manzon Allah (SAW) ya shigo ya gani, ransa ya ɓaci, aka sauke shi, ta mayar da shi matasan kai. Daga wannan da makamantansa malamai suka rabu gida biyu. Imamun Nawawi, wanda ya rasu a 676 bayan Hijira, a sharhinsa na Muslim ya tafi a kan cewa suranta mai rai haramun ne, ko a bango ne ko a tufa, ko tana da inuwa ko ba ta da ita. Malamanmu na Malikiyya kuma, kamar yadda Shehu Dardir ya yi bayani a sharhin Muktasar wajen maganar walima, sun rarrabe. Wadda take haramun a wurinsu ita ce sura mai jiki, mai inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, wato gunki ko mutum-mutumi. Wadda aka shafa a kan bango ko takarda, ba ta da inuwa, makaruhi ce in an ɗaukaka ta, in kuwa a abin da ake takawa take, barin ta ya fi.

Ni dai ga inda zuciyata ta natsu. Ba zan kira mai fentin da ya zana kaza a shagon mai sayar da kaji fasiƙi ba, tunda akwai manyan malamai da ba su kai abin ga haramci ba. Amma ba zan ce masa ya je ya yi ba. Gargaɗin da ya zo a kan masu suranta mai rai yana da tsanani ƙwarai, kuma bango ba shimfiɗa ba ne da ake takawa, wuri ne da ake ɗaga kai a kalla. Mutum ya gina abincin iyalinsa a kan abin da mafi sauƙin hukuncinsa shi ne karhanci, alhali ga fili nan fetal, wannan ba dabara ba ce. Kuma masu POP su kula da kyau: zaki ko mikiya da ake ƙerawa da siminti a ɗora a kan ƙofar gida, wannan yana da jiki yana da inuwa, babu mazhabar da za ka fake da ita a nan.

Kawunan da ake zanawa a shagon aski don nuna salon aski, malamai sun yi saɓani. Masu sauƙaƙawa sun ce sura ce ba cikakkiya ba, kai ba ya rayuwa ba jiki. Masu tsanantawa sun ce ai kan shi ne surar, tunda a hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka kawo kan mutum-mutumin ne aka ce a cire don ya koma kamar itace. Wanda ya zana askin ya bar fuskar ba ido ba hanci ya fita daga mafi yawan rigimar.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, ya kuma fi yawa a gidajen masu son addini: rubuta ayoyi a bango. Mutum ya gama gini, ya kira mai fenti ya ce a sa masa Ayatul Kursiyyu a falo, ko Ƙulhuwallahu a saman ƙofa. Niyyar mai kyau ce. Amma sau nawa mai fentin ya iya karanta abin da yake rubutawa? Daga waya yake kwaikwaya, yana kallon harafi kamar fure. Da idona na ga wani falo da aka bar ɗigo ya ɓace, wani harafi ya koma wani, ma'ana ta sauya, mai gidan kuma shekara biyu yana zaune ƙarƙashinsa yana nuna wa baƙi. Da na nuna masa sai ya ce, "Malam ai ado na." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Alƙur'ani don a karanta a yi aiki da shi aka saukar.

Sannan ku tuna ƙarshen kowane fenti. Zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu ba ya barin fenti, damina ta zo ta jiƙa gindin bango, ya kumbura ya fara ɓarewa. Ranar da za a sake fentin, lebura zai zo da abin kankara ya kankare ayar, ɓarɓashin ya zube ƙasa, a taka, a share, a zuba a kwata. In bangon waje ne kuwa, ba sai na faɗi abin da yara da wasu manya ke yi a gindin katanga ba. In kana son aya a ɗakinka, ka samu allo ko firam da wanda ya san rubutun ya yi, wanda za ka iya saukewa ka adana. Mafi alheri kuma ka karanta ta bayan kowace sallah da lokacin kwanciya.

Masallaci kuwa hukuncinsa ya fi tsauri. Sayyidina Umar (RA), da zai sake ginin masallacin Madina, ya umarci magini ya kare mutane daga ruwan sama, ya kuma hana shi ja da rawaya don kada a fitini masu sallah. Bukhari ya ambaci wannan. Shi kansa Manzon Allah (SAW) ya mayar wa Abu Jahm wata riga mai zane-zane saboda ta ɗauke masa hankali a sallah. Imamu Malik ma ya karhanta ƙawata alƙibla da rubutu a jikinta. Kwanaki kwamitin wani masallaci suka kawo min hoton abin da suke so a yi wa mihrabinsu, ruwan zinare da kore da fitilu masu walƙiya, alhali famfon alwalarsu ya fi wata uku ba ya kawo ruwa. Na ce musu a fara da famfon.

To in an cire mai rai, an cire aya, me ya rage wa mai fenti? Wallahi abin da ya rage ya fi abin da aka cire yawa, mu ne muka manta gadonmu. Bahaushe ya daɗe yana ƙawata bango. Maginanmu na da suna yin ado da laka tun tana ɗanye, su fitar da dagi da sarƙaƙƙiya a fuskar zaure, su tsayar da zankwaye a saman soro, su shafe da makuba. Wanda ya je Zariya ya ga tsohon masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a cikin shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, zai ga bakan gizo da zanen da ba mutum ba dabba, amma har gobe masana gine-gine na zuwa daga ƙasashen waje su kalla. Haka Gidan Makama a Kano, haka unguwar Birni a Damagaram. Ku dubi aska takwas a gaban babbar riga, ku dubi aikin dukawan Sakkwato a kan jar fata, ku dubi allon zayyana da ake yi wa yaro ranar sauka. Duk wannan taska ce, kuma babu wanda zai tuhume ka a kanta gobe Ƙiyama. A Dimashƙa ma, masallacin da Halifa Walid ɗan Abdulmalik ya gina tsakanin 706 da 715 Miladiyya, masu adonsa sun cika bango da itatuwa da ƙoramu da gidaje, ba su sa mutum ko tsuntsu ba. Ba ina kafa hujja da shi a kan ƙawata masallaci ba ne, ina nuna muku ne cewa masu sana'a sun fahimci shawarar Ibn Abbas tun ƙarni na farko. Mu kuwa sai mu ɗauko hoton falon wani otal na Dubai daga intanet mu ce shi muke so, ko kusa bai dace da ƙurarmu ba.

Abu biyu kuma a gurguje, don su ma suna cikin sana'ar. Mai fenti, kada ka karɓi kuɗin fenti mai tsada ka sayo mai arha, ko ka tsinka shi da ruwa ka ce ka yi shafi uku alhali biyu ka yi. Kada kuma mai gida ya sa ka rufe tsaga ko danshi don ya sayar wa wani gidan bai sani ba. Wannan shi ne irin abincin da Manzon Allah (SAW) ya tura hannu ciki a kasuwa ya tarar jiƙaƙƙen yana ƙasa. Kai kuma Alhaji, yaro ya kwana bakwai a kan tsani yana shaƙar tina, ka shiga gidanka ana ta sam barka, cikon kuɗinsa kuma kullum "ka dawo gobe". A hadisin Bukhari, cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi jayayya da su ranar Alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi ladansa.

Mu koma ga matashin nan. Na gaya masa duk wannan, ban ɓoye masa saɓanin ba. Na kuma gaya masa akwai malaman zamani da suka sauƙaƙa a kan hotunan koyar da yara, suna kafa hujja da 'yartsanar Nana A'isha da dokinta mai fukafukai. Amma na ce, kafin ka jingina da rangwame, ka gwada magana tukuna. Ka koma wurin mai makarantar da zane a takarda, kada ka je masa da wa'azi. Ka zana masa haruffan boko da na Larabci, da lambobi, da taswirar Nijeriya, da giginya da kuka, da mangwaro da kankana, da kwalekwale a kan gulbin Rima, da jirgin sama, ka kewaye da dagi. Ka nuna masa wannan ya fi zakin kyau.

Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, in ya ƙiya hwa?"

Na ce in ya ƙi, ka dawo mu sake zama, ba zan bar ka kai kaɗai da ita ba.

Jiya bayan Isha'i ya tare ni a bakin ƙofa da takardun a hannu. Mai makarantar ya yarda da bangon waje da azuzuwa kamar yadda ya zana, har ya ce a ƙara masa dagin a ƙofar shiga. Amma ya kafe a kan ajin ƙananan yara, ya ce iyaye suna son ganin dabbobi, don haka zai ba wani wannan ɗakin, ya kuma rage kuɗinsa daga cikin jinga. Abin da ya rage ba zai kai hayar shekarar ba, saura kaɗan. Na tambaye shi ko ya karɓa. Ya ce ya karɓa, ranar Asabar zai fara, kuma yana neman wanda zai duba masa haruffan Larabcin kafin ya sa buroshi. Na ce ya kawo min bayan sallar Asuba.

Wallahu a'alam.